Ƙusa ta Goma Sha Biyu

Kai, sauke hannunka daga wannan igiyar! Ba laya ba ce, kuma ba ta sayarwa ba ce. Tun ɗazu kun tsaya min a bakin rumfa kun tare iska, kuna ta musu kan wane ne gwani a ƙwallo. Wannan ya ce wane ya fi kowa zura ƙwallo, wancan ya ce wane ai ba a sa shi cikin manya, tunda yau yana baya gobe yana gaba, ba shi da gurbi nasa na kansa. Sannan kun miƙo min ƙwallo a fashe kuna cewa, "Baba Mamman, ɗinki ne kawai, yanzu-yanzu za ka gama." Ɗinki ne kawai! Wanda yake sauri ya ɗauka ya kai wa mai facin keke ya shafa mata sholisho. Wanda yake son ta daɗe ya nemi wuri ya zauna. Ina ɗinki ina magana, kuma maganar a kan igiyar nan take, da irin musun da kuke yi.

Ƙwallo ta farko da na taɓa riƙewa, wani akawun jirgin ƙasa ne ya kawo ta rumfar maigidana, 'yan shekaru bayan jirgi ya iso Nguru. Maigidana Ba Kyari Babarbare ne, baduku na gaske, aikinsa kuben wuƙa da jakar fatake da kayan doki. Ubana ya kai ni wurinsa tun ban san ciwon kaina ba, na daɗe ban taɓa basilla ba, sai murza zare da kakin zuma da jiƙa fata. Akawun nan ya ajiye abin a gabansa. Shi ba ya jin Hausa sosai, Ba Kyari ba ya jin Turanci ko kaɗan, sai nuni da hannu. Tsoho ya juya ta, ya sake juya ta, ya nemi bakin zare bai gani ba. Can ya ce, "Mamman, wanda ya yi wannan daga ciki ya ɗinke ta, sannan ya juyo ta ta wannan 'yar ƙofar. Ko wane ne shi, ba da wasa yake ba."

Haka ne kuwa. Ƙwallon zamaninmu kirgi ce, fatar sa da aka jeme da bagaruwa, a yanka ta gunduwa-gunduwa. Allura biyu kake riƙewa, ɗaya ta shiga ta dama, ɗaya ta hagu, a rami guda, ka ja har zaren ya nutse maka a yatsa. Ku dubi yatsun nan nawa, ba haka uwata ta haife ni ba. In ka ja wani wuri fiye da wani, ƙwallo ta fito kamar kabewa, a buga ta gabas ta nufi kudu, 'yan wasa su biyo ka har rumfa da zagi. Ƙarshen ɗinkin kuwa ido ba ya ganinsa, da yatsa kake laluben ramin. Sannan a cusa robar ciki, a hura, a ɗaure bakin da igiyar fata. Igiyar nan in ba ka kwantar da ita ba, duk wanda ya sa kai sai ta tsaga masa goshi. Fatar da na ɓata ta kai ta sa guda kafin Ba Kyari ya daina kwance min ɗinki a gaban mutane.

Lokacin yaƙin Turawa, da ake kwasar samari ana kai su Bama, robar ciki ta ɓace ɓat. Ko a Kano babu. Ba Kyari ya aike ni wurin mahauta na karɓo mafitsarar bijimi, muka wanke ta da toka, muka murje da gishiri, muka zura mata bututun kara muka hura da baki. Ni ne mai hurawa, don ni ne yaro. Wallahi har yau in na tuna sai na tofar da yawu. Wasa ɗaya take yi ta fashe, in kuma rana ta dake ta, wari ya cika fili har alƙalin wasa ya riƙa tsayawa nesa da ƙwallo. Amma ba a daina wasa a Nguru ba, kuma da bakina aka yi shi.

A wannan lokacin ne Bukar ya zo. Mutumin Gashuwa ne, Babade, ɗan masunta, ya hau motar bandar kifi ya zo tasha neman dako. A lokacin akwai wani kamfani mai sayen gyaɗa da fatu da ƙaro, Baturensa mayen ƙwallo ne. Duk saurayin da ya ga yana da ƙafa sai ya ɗauke shi lebura. Buhun da suke ɗauka na ganin ido ne, ainihin abin da ake ba su albashi a kai shi ne su je fili su buga. To ku da kuke tsammanin cin abinci da ƙwallo yau aka fara, a garin nan mutane sun yi aure da ita, sun raɗa wa 'ya'yansu suna da ita.

Ranar da Bukar ya fara bugawa, mai tsaron baya ne kunama ta harba, aka rasa mutum, aka ce wa ɗan dakon nan ya tsaya. Ya tsaya. Mako na gaba ɗan gefen dama ya tafi jana'iza Kumagannam, aka ce Bukar ya koma can. Ya koma. Bai taɓa tambayar dalili ba, sai dai ya ce, "Ina ne babu kowa?" Daga nan aka sa masa Cike-Gurbi, har sunan ubansa ya ɓace. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, ba ya da gudun a-zo-a-gani, Hausarsa ma a karkace take fita. In an ci ƙwallo ba shi ake ɗagawa sama ba.

Wanda ake ɗagawa shi ne Sule, mai lamba tara, shugaban 'yan wasa. Ba zan ci amanarsa ba, Sule gwani ne. In ya saki ƙwallo da ƙafar dama, gola addu'a kawai yake yi. Sai kuma Audu Dogo mai tsaron gida, wanda hannunsa ɗaya yake rufe ƙwallo ruf. Su biyun nan mata suke wa guɗa.

Bayan yaƙi Bature ya yi odar takalma daga Ikko, ƙafa goma sha ɗaya, ba sababbi ba, wasu sun riga sun sha wasa a cikinsu. Kafin nan kowa da ƙafar Allah yake bugawa. To ku ji yadda aka yi, don a nan labarin yake. Takalman nan ba na mutum ba ne, na gurbi ne. Akwai na gola, akwai na lamba biyu, har zuwa goma sha ɗaya, an rubuta lambar da fenti a dunduniya. Kana buga gurbi ka sa takalminsa, ka bar gurbin ka bar shi. Ana tashi daga wasa a zuba su a buhu a kawo min. Ni nake buga musu haƙora, wato guntayen kirgi da nake jerawa in kafe da ƙusa a tafin takalmin don ya kama ƙasa. Ni nake daddanne ƙusar da ta ɓullo ciki tana cin ƙafar mutum, ni nake shafe su da kitsen sa kada su bushe su tsage. Na san warin kowane ɗaya a cikinsu.

Aikin farko da na yi wa Bukar a kan takalmin lamba biyar ne. Ya zo rumfa yana ɗingishi, ya cire takalmin, jini ya jiƙa tsumman da ya naɗe ƙafa. Ashe tun yana yaro a kogin Gashuwa ya taka kurungu, ƙayar kifin ta shige masa babban yatsan dama, ya warke a kumbure, a karkace, ya fito gefe kamar goro. Ba takalmin da zai ɗauki yatsan nan. Ya ce, "Ya Mamman, ko in cire in buga haka?" Na ce wa zai bar ka ka shiga cikin masu haƙoran ƙusa da ƙafa tsirara, su mayar maka da ita dambu? Dabara ɗaya ce, a yanke gefen takalmin, a sa faci mai kumburi da fatar akuya mai laushi, yatsan ya sami ɗaki. Amma Ba Kyari ya koya min ba a sa wuƙa a kayan mutane sai da izini. Na aika aka kira Sule. Ya duba ƙafar, ya duba takalmin, ya ce, "Yanka mana, Ya Mamman. Yanka duk wanda zai sa, in dai zai buga." Ku riƙe maganar nan, da bakinsa ya faɗe ta.

Na yanka. Na jiƙa jar fata, na ɗora ta a kan yatsan nasa ta ɗauki siffarsa, na bar ta ta bushe, na ɗinke da allura biyu. Da mai lamba biyar ya dawo ya tarar da kumburi a takalminsa, ya yi tsaki, ya cusa tsumma ya ci gaba da wasa.

Sai shekarar sanƙarau. Ku ba ku san sanƙarau ba, Allah kada ya nuna muku. Da bazara ta zo, zafi ya yi zafi, mutum ya kwana lafiya ya tashi wuya ya sanƙare, kafin la'asar an kai shi. Kasuwa ta watse, aka hana taro, rumfata ta yi wata da watanni ba wanda ya leƙo ko da tsinkakken takalmi. A shekarar na binne Ba Kyari. A shekarar muka binne Audu Dogo. Cikin 'yan wasa wasu suka kwanta suka tashi ba ƙarfi, ɗaya ya kurumce, wasu suka gudu ƙauyukansu ba su dawo ba. Da ruwa ya sauka cutar ta lafa, sai Bature ya tara waɗanda suka rage ya ce shi ba zai riƙa ciyar da rabin ƙungiya ba. Akwai wasa da mutanen Gashuwa da aka daɗe da sa rana. In an fita an buga, ƙungiya tana nan. In ba a fita ba, zai sayar da takalma, kowa ya kama gabansa. Kama gaba kuwa a shekarar nan yunwa ce, har da ni, don buhun takalman nan shi ne tuwon gidana.

Aka tattaro 'yan dako aka cike gurabe, amma ba wanda ya yarda ya sa takalmin Audu. Wai na mamaci ne, wai cutar tana ciki. Suka tsaya cirko-cirko a bakin rumfata kowa yana kallon ƙasa. Bukar ya sunkuya ya zaro shi daga buhu, ya miƙo min ya ce, "Yanka, Ya Mamman." Takalmin ya yi masa yawa, sai da muka cusa auduga a gaba, amma yatsan nan sai da na yi masa ɗakinsa.

Motarmu ta kafe a yashi wajen Jajimaji, muka sauka muka yi ta turi, muka isa Gashuwa a galabaice. Filin yana kusa da kogi, ba raga, sanda biyu ce da igiya a sama. Mutanen garin suka ga ɗansu yana tsaron gidan baƙi, suka yi masa caa da Badanci. Ban ji abin da suke cewa ba, amma daga fuskarsa na gane zagi ne. Gajeren mutum a gola, jama'a! Abin da Audu zai ɗauka yana tsaye, Bukar sai ya yi tsalle ya faɗi. Ya tare da ƙirji, ya tare da gwiwa, wata ya tare da fuska, igiyar ƙwallon ta fasa masa leɓe, ƙwallon da ni na ɗinka. Kada ku zaci zan ce mun ci. An ci mu biyu da ɗaya, ɗayan ma Sule ne ya zura. Amma mun fita, an buga, an tashi, Bature bai sayar da takalma ba. Ai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Daga nan har shekara ta zagayo, kusan kowane mako sai an miƙo min wani takalmin in yanka. An sami sabon gola, Bukar ya koma lamba uku. Lamba uku ya warke, ya koma takwas. Ranar da gwiwar Sule ta goce, lamba taran ma sai da na sa mata wuƙa, Sule yana zaune a kan tabarmata yana kallo. Ƙafa tara na yanka cikin goma sha ɗaya. Biyun da suka rage ƙanana ne, ƙafarsa ba ta shiga, kuma a gurabensu ma ya buga, ba takalmi, ya fito da ƙafa duk sara. Kun san abin da ake nufi da mutum ya canja gurbi? Mai baya ƙwallo tana zuwa masa ta gaba, mai gaba tana zuwa masa ta baya, mai gefe layi yana cin rabin duniyarsa. Kowane gurbi da inda ake kallo da inda ake tsoro. Wanda ya shekara goma a wuri ɗaya ƙafarsa ce take tunani. Bukar kullum sabon shiga ne, kuma kullum ba a ganin ramin da ya toshe, don an riga an toshe shi.

Shekaru suka wuce. Gwiwar Bukar ta gaji, ya koma Gashuwa ya kama kamun kifi da tarun ubansa. Sule ya zama babban mai sayen gyaɗa, ya je Makka ya dawo, kowa Alhaji Alhaji. Ni da na san kaushin ƙafarsa Sule nake ce masa. Gab da a ba mu mulkin kai, aka gina wa ƙungiya ɗakin taro a bayan tasha, aka sayo sababbin takalma. Sai tsofaffin 'yan wasa suka yi shawara, Sule ne shugabansu, cewa za a kafa ƙusa goma sha ɗaya a azarar ɗakin, a rataye tsofaffin takalman, kowanne da sunan wanda ya fi kowa iya gurbin tun da aka fara wasa a garin nan. Na baya su riƙa shigowa suna ɗaga kai. Shawara mai kyau, ban ƙi ta ba. Aka kawo min buhun, aka ce in wanke in shafe, malami zai zana sunaye a jar fata ni kuma in bi da zare in liƙa wa kowane takalmi.

Malamin ya karanta min sunayen. Na ce ya sake. Ya sake. Na ajiye basilla na tafi rumfar awon gyaɗa.

Na ce, "Sule, ina Bukar?"

Ya ce, "Ya Mamman, zauna mana a kawo ruwa."

Na ce, "Ba ƙishirwa ta kawo ni ba. Ina Bukar?"

Ya sallami mutanensa, ya ce, "To tsakaninka da Allah. A gola, Bukar ya kai Audu?" Na ce bai kai ba. "A lamba tara ya kai ni?" Na ce bai kai ba. Ya bi gurabe ɗaya bayan ɗaya, kowanne akwai wanda ya fi Bukar, kuma ban yi masa ƙarya ba ko sau ɗaya. Ya buɗe hannu ya ce, "To ƙusar wa za mu zare mu ba shi? Ƙusa goma sha ɗaya ce, don mutum goma sha ɗaya ke shiga fili. Ba ƙinsa muke ba. Mun aika masa ya zo ranar buki, za a ba shi kujera a gaba."

Na ce, "Kujera! Ya zauna ya tafa muku?"

Ya ce, "Bukar ba shi da takalmi a buhun nan, Ya Mamman. Wannan ita ce gaskiya, ko ta yi ɗaci."

Raina ya ɓaci. Abin da ya fi ƙona ni shi ne lissafinsa daidai ne, kuma ƙarya ne. Na ce, "Ba shi da komai a ciki, ko?" Ya ce ba shi da shi. Na ce, "To shi ke nan. Abin da ba na kowa ba cikinku zan cire, in kawo muku naku tsaf." Ya zaci na sauko, har ya raka ni bakin hanya.

Na wanke takalman nan, na shafe su da kitse har suna ƙyalli, na ɗinka sunaye da zare mai kyau, ban yi wa kowa ha'inci a aiki ba. Sannan na ɗauki 'yar wuƙata na bi faci tara ɗin nan na kwance su, zare bayan zare, ban taɓa fatar takalmin ba. Kowane faci ya fito da siffar yatsan nan, ya yi baƙi da gumi. Na huda su, na zura a igiyar fata guda.

Ranar buki da hantsi ɗaki ya cika, har da mutanen Gashuwa da suka zo a mota. Bukar yana kujerar gaba da wankakkiyar riga, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Aka ce baduku ya hau ya rataye. Na hau benci, ina zarowa ina ratayewa, ana kiran suna ana tafi. Tun a na uku tafin ya fara raguwa. Kafin in kai ƙarshe tafin ya tsaya cak, don takalma tara suna lilo a sama, kowanne da rami a gefen dama wanda yaro zai zura hannu, haske yana ratsawa. Na zaro ƙusa daga aljihu da gudumata, na kafa ta a ƙarshen azara, na rataye igiyar.

Sule ya miƙe. "Mamman! Wane irin wulaƙanci ne wannan a gaban baƙi?"

Na ce daga kan bencin, "Ka ce ba shi da komai a buhun, na cire abin da ba naku ba. Ga naku nan yadda zai kasance ba Bukar. Wancan kuma nasa ne, kai ka ce in yanka. In ƙarya nake, ga waɗanda suke wurin, su faɗa."

Ba wanda ya faɗa. Wani ya ce a sauko da ni, wani ya ce a bar ni, wani Bagashuwe ya fashe da dariya. Sule ya ce in mayar da facin yanzun nan. Na ce zan mayar, amma na rantse da Allah duk takalmin da na mayar wa faci sai na ɗinka sunan Bukar kusa da na mai shi, har da lamba tara. Na ce ya zaɓa. Ya ce daga yau ko igiyar ƙwallo ƙungiya ba za ta ƙara kawo min ba. Na ce Allah ya ba da sa'a. Kuma ya cika maganarsa, ba su ƙara kawowa ba, wani baduku daga Kano ya gaje ni, na koma ɗinkin kube da gyaran takalman kasuwa da iyali a wuyana. Ban yi nadama ba, ko a ranar ko yau.

Ana cikin hayaniyar sai Bukar ya dogara sanda ya tashi. Mutane suka dare. Ya zo ƙarƙashin azara ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ya Mamman, ka ɓata wa mutane takalma." Na ce na ɓata. Ya yi murmushi da leɓen nan nasa mai tabo. Ya bi su da ido har ya kai na farko, na gola. Ya ɗaga sanda ya taɓa ramin.

Ya ce, "Wannan kam ka mayar masa. Audu ba ya cikin shawararsu. Kuma ni aro na yi a wurinsa, ba a mayar wa mutum kayansa da rami."

Na ce, "In na mayar sai na sa sunanka, na riga na rantse."

Ya ce, "A'a. Nan na Audu ne. Ka yi kaffara."

Na sauko da takalmin, na zauna a ƙasa a tsakiyar ɗakin, na zare faci ɗaya daga igiya, na ɗinke shi a gaban kowa da allura biyu. Idona ya cika har ban ga ramin ba, da yatsa na laluba, yadda Ba Kyari ya koya min. Na tashi na mayar da shi kan ƙusarsa. Azumi uku na yi daga baya.

Sule bai taɓa cewa na yi daidai ba har ya koma ga Allah. Amma shi ne mai riƙe da mabuɗin ɗakin nan shekara da shekaru, kuma ƙusa ta goma sha biyu ba ta motsa ba. Da rufin ya rufta wata damina, aka watsar da komai, ɗansa ne ya kawo min igiyar nan ya ce tsohon ya bar wasiyya a ba ni.

To kai mai cewa wanda ba shi da gurbi ba a sa shi cikin manya, matso. Yanzu na yarda ka taɓa, amma da hannu biyu. Ƙirga su. Takwas ne, ko? Na taran yana wurin Audu. Ungo ƙwallonku, ku je ku buga, kuma in an rasa mutum a baya ina so in ga wanda zai ce shi ne.